Ƙauna mai sharaɗi: nazarin lamarin wani masanin halayya da gidan da ya rene shi

## Abin da ake nazari

Wannan nazari ya bi sawun mutum guda, Ba'amurke, masanin ilimin halayyar ɗan Adam, daga haihuwarsa a 1902 zuwa rasuwarsa a 1987. An sakaya sunansa bisa al'adar irin wannan rubutu, amma wurare da shekaru da mutanen da ya yi hulɗa da su duk na zahiri ne, kuma yawancin bayanan daga alƙalaminsa suka fito, domin ya rubuta tarihin kansa fiye da sau ɗaya.

Matsalar ita ce, yaro ya tashi a gidan da ake ji da shi, amma ya girma da yaƙinin cewa aikinsa ake so, ba shi ba. Ya nemi mafita ta addini, ya nema ta boko, bai samu ba sai da ya kusa shekara 50 a duniya.

## 1902 zuwa 1919: gidan

An haife shi ranar 8 ga Janairu 1902 a Oak Park, unguwar masu hali a gefen birnin Shikago. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsa injiniya ne da kasuwa ta yi wa kyau, mahaifiyarsa tana kula da gida. Kiristoci ne 'yan Furotesta masu tsananin riƙo. Kullum ana taruwa a yi addu'ar iyali, a karanta Littafi Mai Tsarki. Ba rawa, ba karta, ba silima, ba taba, ba giya. Ko lemon kwalba ana yi masa kallon abin da ke da ƙanshin zunubi, har ya ce bai manta yadda ya ji kamar ya aikata laifi ba ranar da ya fara shan kwalba guda.

Abin lura shi ne yadda ake tafiyar da wannan tsari. Ya ce bai tuna an taɓa ba shi umarni kai tsaye a kan wani muhimmin abu ba. Ba tsawa, ba zare ido. Kowa dai ya san abin da 'yan gidan nan ba sa yi, kuma ya san fuskar da zai gani in ya kauce. Ayoyi biyu ne ba sa barin bakin mahaifiyar. Ɗaya tana cewa ku fito daga cikinsu ku keɓe kanku. Ɗayar, daga littafin Annabi Ishaya, tana cewa duk adalcinmu a gaban Ubangiji kamar tsumma ne mai dauɗa. Ta farko ta koya wa yaron cewa mutanen waje ba abokan tafiya ba ne. Ta biyu ta koya masa cewa shi kansa, can cikin cikinsa, ba abin kirki ba ne.

A 1914, yana ɗan shekara 12, mahaifin ya sayi gona kimanin mil 30 yamma da Shikago, ya kwashe iyalin zuwa can. Ɗaya daga cikin dalilan, a fahimtar yaron, shi ne a nisanta samarin gidan daga ruɗin birni. Sai kaɗaici ya ƙaru. Ya zama mai yawan karatu, marar aboki na kusa, kuma duk zamansa na sakandare sau biyu kacal ya fita zance da budurwa.

Gonar ta ba shi wani abu dabam. Yana tashi da asuba tatsar shanu. Ya kamu da son wasu manyan malam-buɗe-littafi na dare da ke dajin kusa da su, yana kiwon tsutsarsu yana lura da yadda suke rikiɗa. Mahaifinsa yana son noman zamani, ya tara littattafai a kai, daga nan yaron ya koyi yadda ake gwaji: a raba dabbobi kashi biyu, a canza wa kashi ɗaya abinci, a bar ɗayan yadda yake, sannan a auna a gani. Wannan tarbiyyar gwaji ba ta rabu da shi ba har tsufa.

Akwai ma'auni ɗaya na jiki da shi kansa ya kawo: uku daga cikin 'ya'ya shidan sun yi fama da gyambon ciki a wani lokaci na rayuwarsu, har da shi. Ya danganta hakan da danniya mai laushi ta gidan. Fassararsa ce, likitocin yau kuwa sun san wasu musabbabai na wannan ciwo.

## 1919 zuwa 1926: gwaji na farko, gyara daga cikin addini

Ya shiga Jami'ar Wisconsin a 1919 don karanta aikin gona. Bayan ya halarci wasu tarurrukan ɗalibai Kiristoci masu motsa zuciya, sai ya yanke shawarar zama fasto, ya koma sashen tarihi don shiri.

A 1922 aka zaɓe shi cikin ɗaliban Amurka kaɗan da za su halarci taron ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta duniya a Bejin, ƙasar Sin. Tafiyar ta ɗauki wata shida. A can ya ga wakilan Faransa da na Jamus, kowannensu mutumin kirki in ka zauna da shi, amma ba sa ga maciji da juna, shekara huɗu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya kuma zauna da mutane masu gaskiya da tsoron Allah waɗanda aƙidarsu ta saɓa da ta gidansu. Ayar keɓewa ta fara sassautowa. A jirgin ruwa kan hanyar dawowa har ya fara tantamar koyarwar cocinsu game da allahntakar Yesu.

Duk wannan yana rubuto shi gida cikin dogayen wasiƙu. Da yake wasiƙa tana ɗaukar makonni kafin ta isa, amsa kuma ta ɗauki wasu makonnin, bai san irin tashin hankalin da yake jawo wa iyayensa ba sai da alƙalami ya riga ya bushe. Daga baya ya ce wannan jinkiri ne ya ba shi damar raba gari da tunaninsu ba tare da an tare shi tun a taku na farko ba. Bayan dawowarsa gyambon ciki ya kwantar da shi.

Ya gama digiri a 1924, ya yi aure a shekarar, ya tafi Niyu Yok. Mahaifinsa ya so ya biya masa kuɗin makarantar tauhidi ta Princeton, mai bin tsohon layi. Ya ƙi, ya zaɓi ta Union, wadda ta fi kowacce sassauci a lokacin. Ya ma riƙe wani ƙaramin coci a jihar Vermont a hutun bazara.

A Union shi da wasu ɗalibai suka nemi a bar su su yi aji ba malami, su tattauna tambayoyin da ke damunsu. Makarantar ta amince, da sharaɗin wani ƙaramin malami ya zauna yana saurare. Ƙarshenta yawancin 'yan ajin suka bar aikin coci. Shi dalilinsa shi ne, ba zai iya riƙe sana'ar da cin abincinsa ya dogara ga ci gaba da furta wata aƙida ba, alhali tunaninsa yana canzawa. A 1926 ya tsallaka titi ya shiga kwalejin malamai ta Jami'ar Columbia.

Sakamakon wannan mataki: ya sauya aƙida, ya sauya sana'a. Yadda yake ganin kansa bai sauya ba.

## 1928 zuwa 1939: gwaji na biyu, ƙwararre ya san amsa

A 1928 ya samu aiki a Rochester, jihar Niyu Yok, a sashen nazarin yara na wata ƙungiyar kare yara daga cin zarafi, a kan albashin dala 2,900 a shekara. Ya yi shekara 12 a can, ya kuma kammala digirin digirgir a 1931. Kotuna da ma'aikatan jin daɗin jama'a ne ke turo masa yara masu laifi da marasa galihu.

Hanyar da aka koya masa ita ce ta zamanin: ƙwararre ya yi gwaje-gwaje, ya tono tarihin yaro, ya gano musabbabi, ya bayyana wa mai matsala, matsala ta warware. Abubuwa biyu suka sanyaya masa gwiwa. Wani matashi mai cinna wa wurare wuta, ya bi shi da zama bayan zama a gidan tsare yara, bisa koyarwar William Healy, masanin laifukan yara, cewa irin wannan laifi yana da tushe a rikicin sha'awa. Ya gano abin da ya ɗauka shi ne tushen, aka saki yaron bisa sharaɗi, yaron ya koma ruwa. Na biyu, wata rubutacciyar hira da wata uwa, wadda ya taɓa riƙewa a matsayin misalin ƙwarewa. Da ya sake karanta ta bayan shekaru, sai ya ga tambayoyin lauya ne kawai, an yi ta zagaye matar har aka kai ta ga amsa laifi.

Abu na uku ne ya juya akalar. Wata uwa mai basira tana zuwa a kan ɗanta gagararre. A ganinsa matsalar a fili take, ta ƙi yaron tun yana ƙarami. Zama da yawa yana jan ta a hankali zuwa ga wannan fahimta, ba ta zo ba. Ya haƙura, ya ce mata sun yi iya ƙoƙarinsu, abin bai yiwu ba. Ta amince, suka yi sallama. Tana bakin ƙofa sai ta juyo ta tambaye shi ko suna karɓar manya su ma. Ya ce suna karɓa. Ta dawo ta zauna a kujerar da ta tashi, ta fara amayar da abin da ke cinta: aurenta, zamanta da mijinta, jin cewa ta gaza. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a takardun tarihin da ya tara. Daga ranar aiki na gaske ya fara, kuma ya yi nasara, har yaron ma ya daidaita.

Abin da ya ɗauka daga nan shi ne, mai ciwo ne ya san inda ke yi masa zafi, da inda ya kamata zancen ya nufa. A 1936 Otto Rank, tsohon almajirin shahararren likitan ƙwaƙwalwa Sigmund Freud da ya ɓalle, ya zo Rochester ya yi taron kwana uku, ra'ayinsa na fifita dangantaka a kan fassarar ƙwararre ya ƙarfafa masa gwiwa.

## 1940 zuwa 1948: sabuwar hanya da aunawa

Jami'ar Jihar Ohio ta ɗauke shi farfesa a 1940. Ranar 11 ga Disamba na shekarar ya gabatar da lacca a Jami'ar Minnesota, inda ya soki ba da umarni da nasiha da fassara a matsayin hanyoyin taimako. Cece-kucen da ya biyo baya ne ya sa ya gane cewa abin da yake faɗa sabo ne.

Nan tarbiyyar gona ta dawo. Shi da ɗalibansa suka fara ɗaukar zaman jinya, wato tattaunawar mai taimako da mai damuwa, a faifai, da izinin masu zuwa, suna rubuta kowace kalma. A littafinsa na 1942 ya buga cikakkiyar jinyar mutum guda, zama takwas, kalma da kalma. Kafin wannan, abin da ke faruwa a ɗakin jinya sai dai a ji daga bakin likita. A 1945 ya koma Jami'ar Shikago ya kafa cibiyar ba da shawara, kuma a 1947 shi ne shugaban ƙungiyar masana halayya ta Amurka.

## Ƙarshen shekarun 1940: rushewa

Yana kan ganiyar suna ne abin ya faru. Wata mata mai tsananin rikicin ƙwaƙwalwa, wadda ya fara gani tun a Ohio, ta ci gaba da zuwa wurinsa a Shikago. Ya kasa taimaka mata, ya kuma kasa cewa ya kasa. Wani lokaci ya sake mata fuska, wani lokaci ya ja baya ya fake da ƙwarewa, ita kuwa tana gane raunin nasa tana soka. A hankali ya fara kasa rarrabe tunaninsa da nata, har ya tabbata shi ma yana gab da zautuwa.

Ya miƙa ta ga wani matashin likitan ƙwaƙwalwa, ya je gida ya ce wa matarsa dole su bar garin yanzu. Suka shiga mota suka tafi, ba su dawo ba sai bayan wata biyu zuwa uku. Da ya dawo, wani daga cikin ma'aikatan cibiyarsa, wanda shi ya horar, ya tare shi ya ce ya ga yana cikin damuwa, kuma ba ya jin nauyin zama da shi a matsayin mai yi masa jinya. Ya yarda.

A wannan zama ne ya furta abin da ke ƙasa: ya yi imani babu wanda zai iya ƙaunarsa, ko da ana son abin da yake yi. Shekara fiye da 20 da barin makarantar tauhidi, ayar tsumma tana nan daram. Ya ce daga wannan jinya ne ya fara iya ganin ƙimar kansa, ya kuma rage tsoron karɓar ƙauna da bayar da ita. Hanyar da ta yi masa aiki ita ce wadda shi ya koyar: wani ya saurare shi bai yanke masa hukunci ba, bai kuma gudu ba.

## 1951 zuwa 1959: ra'ayin ya kammala

Rubuce-rubucensa na wannan zango sun tsaya a kan ginshiƙai biyu. Na farko, kowane mai rai yana da turawa ta asali zuwa ga girma da cika. Misalin da ya fi so daga gidansu ya ɗauko shi. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke ajiye dankalin hunturu, can ƙasa da wata 'yar taga. Dankalin kan tsiro, farare fat, sirara, su miƙe ƙafa biyu ko uku suna neman hasken tagar. Ba za su taɓa zama shuka ba, amma ba su fasa neman haske ba. Ya ce haka yake kallon mutanen da rayuwa ta murɗe, halinsu na iya zama abin ƙyama, amma yunƙurin rayuwa ne a mummunan yanayi.

Na biyu, yaro yana buƙatar ƙaunar iyaye fiye da yadda yake buƙatar gaskiyar abin da yake ji. In aka nuna masa, ko da ba a furta ba, cewa in ka ji kaza ba ni ba kai, zai binne wannan ji ya rungumi abin da ake so. Ya kira wannan sharuɗɗan ƙima. Giɓin da ke tsakanin abin da mutum yake ji da abin da ya yarda yana ji, shi ne tushen damuwa a ra'ayinsa. Maganin, a takardarsa ta 1957, sharuɗɗa shida ne, uku suka fi shahara: mai taimako ya kasance ba fuska biyu, ya karɓi mutum ba tare da sharaɗi ba, ya fahimci duniyarsa daga ciki.

An auna. A binciken Shikago da aka buga a 1954, an ba masu zuwa jinya katuna 100 masu bayanin hali, su jera yadda suke ganin kansu, su sake jerawa yadda suke fatan zama. Kafin jinya jeri biyun kusan ba su da alaƙa. Bayan jinya sun matso kusa da juna.

Malaman addini sun tanka masa. A 1956 ya yi sharhi a kan wani littafin Reinhold Niebuhr, malamin tauhidin Kirista, wanda ke ganin son kai da girman kai ne asalin zunubin ɗan Adam. Ya ce shi abin da yake gani a ɗakin jinya akasin haka ne, mutane sun raina kansu, suna ganin ba su cancanci a so su ba. A 1957 a Jami'ar Michigan, Martin Buber, masanin falsafa Bayahude, ya faɗa masa cewa mai taimako da mai neman taimako ba daidai suke ba komai kyan niyya, kuma wani lokaci taimakon mutum yana nufin a tsaya masa a kan wani ɓangare na kansa.

## 1957 zuwa 1987: iyakar hanyar

Ya koma Wisconsin a 1957 ya gwada hanyar a kan masu tabin hankali mai tsanani a asibitin jiha na Mendota. Aikin ya ci shekaru, rigima ta shiga tsakanin masu binciken, rahoton bai fito ba sai 1967. A dunƙule, waɗanda aka yi wa jinyar ba su fi waɗanda ba a yi wa ba da wani tazara mai ƙarfi. Abin da ya tsira shi ne, majinyatan da suka ji ana fahimtarsu da gaske sun fi samun sauƙi.

Ya bar jami'a ya koma La Jolla a Kalifoniya, ya juya ga tarurrukan rukuni, har da zaman sasanci tsakanin Katolika da Furotesta na Ireland ta Arewa, da baƙaƙe da farare a Afirka ta Kudu. A 1982 Rollo May, wani masanin halayya, ya rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa ya ƙi kallon mugunta ido da ido. Ya amsa cewa shi bai ga mugunta a matsayin ɗabi'ar asali ba, tasirin al'umma da zaɓin mutum ne ke haifar da ita. A shekarar ce kuma wani binciken jin ra'ayin masu aikin jinyar damuwa a Amurka ya sa shi na ɗaya a tasiri, gaba da Freud. Bayan rasuwar matarsa a 1979 ya rubuta cewa ya raina muhimmancin ɓangaren ruhi, amma bai koma coci ba. Ya rasu ranar 4 ga Fabrairu 1987.

## Hukunci

A ganina gidan ne ya zaɓa masa tambayar, wato mene ne ɗan Adam a can ƙasan zuciyarsa, kuma da wane sharaɗi ake karɓarsa. Tambayar mahaifiyarsa ce, ya amsa ta da kishiyar amsarta. Sauya aƙida bai warkar da shi ba, domin ciwon ba a aƙida yake zaune ba, a yadda aka ɗaura ƙauna da biyayya yake. Hanyar ƙwararre ma ba ta yi ba, domin ita ma wani ne a sama yake faɗa maka abin da ke damunka, kamar yadda aka saba masa a gida.

Ban yarda a ce addini ne ya cuce shi ilimi ya cece shi ba. Ɗaukar ran mutum guda da muhimmanci, da haƙurin zama da mai damuwa, da naci a kan aiki, duk daga gidan ya fito da su. Thomas Oden, malamin tauhidin Kirista, ya nuna a shekarun 1960 cewa karɓa marar sharaɗi ta yi kama ƙwarai da koyarwar alherin Allah da ke cikin addinin da ya bari. Iyayensa sun fifita wani sashe na koyarwar a kan wani. Haka nan 'yan'uwansa biyar sun sha ruwan gida ɗaya ba su fito da wannan ra'ayi ba, don haka dole a ba gonar da Rank da matar nan ta Rochester nasu kason.

Rauninsa kuma daga wuri guda ya fito. Ya san ciwon mai raina kansa daga ciki, kuma yawancin masu zuwa cibiyar jami'a da ƙafarsu irin wannan ciwo ke kawo su. Mai zalunci da ke barci lafiya ba ya zuwa neman shawara. Niebuhr yana kallon tarihin yaƙe-yaƙe, shi yana kallon ɗakin jinya, sai ya ɗauki abin da ya gani a ɗaki ya yi wa dukan 'yan Adam hukunci da shi. A nan na fi ganin gaskiyar May da Buber.

Ana koyar da hanyarsa a sassan ba da shawara na jami'o'i da kwalejojin ilimi na Najeriya. Malik Badri, masanin halayya ɗan Sudan, ya yi gargaɗi tun 1979 a kan ɗaukar ra'ayoyin Yamma ba a binciki tushensu ba. A wannan lamari ana iya rarrabewa. Sauraro ba tare da gaggawar hukunci ba an gwada shi an auna, kuma ya yi aiki har a kan mai shi. Iƙirarinsa kuwa cewa abin da mutum yake ji a ransa shi ne alƙali na ƙarshe ba a faifai aka gano shi ba, ɗalibi Musulmi ko Kirista yana da damar ya tuhume shi kamar yadda ake tuhumar kowace aƙida.